Gurbin Ɗan Fari

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, shi da ya halicci jini ya kuma san abin da ya ajiye a cikinsa tun kafin mu san ana dubawa. Ku na rubuta wa, Nasiru da Rabi da Zainabu. Da ajami nake rubutu kamar yadda kakata ta koya mini a gindin durumin gidanmu na Gwandu, don da shi hannuna ya fi sakewa, kuma Zainabu ta yi alkawari za ta juya shi zuwa boko saboda jikoki. Na san maganganu biyu da kuka taso kuna ji a kaina. Ta farko, wai na bar ku kuna ƙanana na tafi karatu da furfura a kai. Ta biyu, wai na raba aure a wata ruga bayan Wurogauri. Ta farkon gaskiya ce, ba ni da ja. Ta biyun ce nake so in warware muku, domin abin da ya faru ya fi abin da ake faɗi nauyi a wuyana, kuma ba yadda ake faɗinsa yake ba.

Ni da babanku 'ya'yan wa da ƙane ne, kun sani, kuma ba wanda ya tilasta mu. Tun muna yara ake tsokanarmu da juna har abin ya zama gaske. Haihuwa biyar Allah ya ba mu, uku suka tsaya. Yayanku na fari ba ku san shi ba, sai Nasiru da ke ɗan tuna shi. Yadda al'adarmu take, ana yaye shi kakarku Hajja ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, ni kuwa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In zan aike shi sai in ce a gaya wa wancan ya zo. In na dafa abu mai daɗi sai in ɗebi nasa in rufe, in ba wata ta miƙa masa kamar ba daga hannuna ya fito ba. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, a kanta aka tarbiyyantar da mu, kuma har yau ban ce mugun abu ba ce. Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura. In damina ta sauka ya yi ta kukan ƙashi, idonsa ya yi rawaya. Yana da shekara bakwai ya rasu. Ranar ma ban yi kuka a tsakar gida ba, sai da na zagaya bayan rumbu. Bayansa Amina, wadda ke tsakanin Rabi da Zainabu, ta bi shi da irin ciwon tana da shekara uku. Daga nan mata suka fara ce mini mai wabi, wadda 'ya'ya ba sa tsaya mata. Ba a gabana suke faɗi ba, amma bangon gidajenmu ba ya riƙe magana.

A lokacin ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu, awon ciki da allurar rigakafi. Wata likita da ta zo zagaye ta ji labarin yarana, ta ce mu zo ni da babanku a gwada jininmu. Takarda ta fito, dukanmu biyu AS. Ta zauna ta yi mana bayani a tsanake: kowannenmu lafiyarsa lau, amma kowanne yana ɗauke da rabin ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini, kuma yaron da ya ɗauko rabin uwa ya haɗa da rabin uba shi ne zai kwanta. Babanku ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake ba ya karanta boko. Da muka dawo gida ko hula bai cire ba ya wuce ɗakin Hajja.

"Inna," ya ce, "wabin ga da ake ta faɗi, ashe rabinai daga ɗanki ya hito."

"Kai dai ba ka rabo da zancen banza," in ji Hajja.

"Wallahi likita ta auna. Buhu guda ne munka ɗauko ni da ita, kowa ya riƙe kunne guda."

Hajja ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce Allah shi jiƙan waɗanda sunka tahi. Daga ranar ba ta ƙara barin kowa ya ambaci wabi a gidanmu ba, har wata maƙwabciya ta kora da tsintsiya a hannu. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne, magana guda da aka faɗa daidai ta sauke mini kayan da na yi shekaru ina ɗauke da shi. Na riƙa tunanin mata nawa ne ke ɗauke da irinsa a ƙauyuka da rugage, inda likitar nan ba za ta taɓa zuwa ba.

Shi ya sa da aka ce ana neman ma'aikatan lafiya da za a tura wani asibitin koyarwa su koyi aikin ba da shawara kan cututtukan gado, na rubuta sunana. Na haura arba'in a lokacin, Zainabu ba ta daɗe da shiga makaranta ba, karatun kuma kusan shekara ne. Dangi suka yi caa. Wata gwaggona ta ce tsohuwar kaza ba ta koyon tono. Hajja ce ta kashe maganar, ta ce ita ta reni uban, jikoki ba za su gagare ta ba. Babanku kuwa yana ɗaure buhun albasa ya ce:

"Ki tahi. Amma in kinka dawo kina yi mini turanci, da ajami zan ba ki amsa."

Abin da na koyo can ba zan cika muku takarda da shi ba. Uku ne suka zauna mini. A zana bishiyar dangi kafin a ce komai, kowace mace da'ira, kowane namiji murabba'i, a ja layi daga iyaye zuwa 'ya'ya. A faɗa wa mutum gaskiyar jininsa da harshen da zai gane. Kada a zaɓa masa, domin shi zai zauna da zaɓin. Amma na lura duk takardun da turanci suke, kuma duk wanda ake misali da shi mutumin birni ne da zai kawo kansa asibiti. Na ce a raina ni wajen waɗanda ba sa zuwa zan je. Da na dawo na roƙi a tura ni yankin Kalgo. Ina kwana wurin wata 'yar'uwata can, ranar Juma'a in shigo mota in dawo gida. Na zauna na juya bayanan da aka ba mu zuwa Hausa da ajami, domin matar da ba ta taɓa shiga aji ba sau da yawa ta riƙe allo. Na kuma nemi ƙananan ƙore biyu da wake fari da ja.

Rugar da ta fara buɗe mini ƙofa ita ce ta Ardo Sambo, bayan Wurogauri, inda ɗan acaba ke ajiye ni in ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin dawa. Dattijo ne dogo mai ƙarancin magana. Na shimfiɗa tabarma a gabansa da mutanensa, na sa wake biyu a kowane ƙoƙo, fari da ja, na ce wannan uba, wannan uwa. Na ce ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowanne, abin da ya fito shi ne jinin yaro. Fari da fari, lafiya. Fari da ja, lafiya amma yana ɗauke da shi. Ja da ja, shi ne mai ciwo. Sannan a mayar da waken, domin kowane ciki sabon ɗauka ne. Ardo ya ɗauka sau uku, ya buɗe ido ya yi murmushi.

"Wanga ai mun san shi ga shanu," ya ce. "Bajimi hwari, saniya hwara, sai ka ga maraƙi ya hito da jan kakanai. Ashe mu ma haka muke."

Shi ya fara miƙo yatsa don mutanensa su daina tsoro, sai matarsa Goggo Nenne. Dukansu biyu AA, fari da fari. Ƙanensa da matar ƙanen, wata mace siririya mai suna Dudu, duka AS suka fito, ban kuwa yi mamaki ba, don sun riga sun binne yaro ɗaya, ga wani, Sa'adu, kwance da ƙafa a kumbure. Na shiga cikin mata na zana bishiyarsu yadda aka koya mini. Kowace na tambaye ta 'ya'yanta nawa. Goggo Nenne ta ce ɗaya, Buba. Dudu ta ce uku, ta lissafa mini wanda ya rasu, da Sa'adu, da 'yar ƙaramarta. Na ja layukana, na ji daɗin yadda takardar ta fito tsaf.

Buban nan saurayi ne mai kiwon shanun gidan, kuma an sa masa rana da Dije, 'yar ƙanwar Ardo da ke wata ruga kusa. Suna son juna, kowa ya sani, don ranar kasuwa tallan nononta ba ya ƙarewa sai ta bi ta inda shanunsa ke shan ruwa. Na gwada Dije, ta fito AS. Abin gwajin da aka ba ni, irin wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini, saura kaɗan ya ƙare, ga mata masu ciki suna jira. Na duba bishiyata na ga Buba a ƙarƙashin Ardo da Goggo Nenne, fari da fari. Ɗan da iyayensa duka ba su ɗauke da jan wake ba shi da inda zai samo shi. Sai na ce wa Ardo, a gaban maza, ba sai an gwada Buba ba, su yi aurensu, Allah ya sa albarka. Aka kai goro, aka sanar da dangi, aka tsayar da biki bayan kaka, in an kai dawa gida.

Saura mako biyu biki na koma duba ƙafar Sa'adu. Da hantsi ne, Dudu na zaune tana dama fura, ni ina gefenta. Sai Buba ya shigo ya tsuguna ya gaishe ni, ya gaishe ta. Ba ta amsa ba. Ta kau da kai wajen danga, ta ce da iska:

"A ce ma wancan maraƙinai ya kwance."

Ya tashi ya fita. Tana ganin bayansa ta jawo wata ƙwarya da ta rufe da faifai a gefe tun kafin in zo, wadda ta fi sauran kauri da man shanu, ta miƙa wa wata mata ta ce a kai waje, ba ta ce a kai wa wane ba. Na saki ƙafar Sa'adu. Na san wannan kau da kan. Na san wannan ƙwaryar, ni ma na rufe irinta shekara bakwai. Na jira matar ta fita, na matso kusa da Dudu na yi ƙasa da murya.

"Dudu, wancan da ya hita, wa ta haihe shi?"

Ta ci gaba da dama furarta. Sai da na ɗauka ba za ta amsa ba ta ce, "Malama, ke ba ki da na hwari?"

Ba wanda ya yi mini ƙarya a rugar nan. Buba ɗan farin Dudu ne da ƙanen Ardo. Goggo Nenne ba ta taɓa haihuwa ba, aka yaye shi aka ba ta, ta goya shi, ta rene shi, in an tambaye ta 'ya'yanta dole ta ce ɗaya. Dudu kuwa kunya ba za ta bar ta ta sa ɗan fari a lissafi ba. Kowa a rugar ya san haka, har Buban, ba mai faɗi ne kawai, don kada a sosa wa Goggo Nenne inda ke mata ciwo. Baƙuwa daga birni in ta yi wannan kuskuren sai a yi mata uzuri. Ni da aka haifa a cikin al'adar, ni da in an tambaye ni 'ya'yana daga Nasiru nake farawa, na yarda da takarda na manta da abin da na sani tun ina yarinya. Yaro lafiyayye daga uwa da uba masu ɗauke da jan wake ya fi kusa da ɗaukarsa fiye da tsira daga gare shi. Ni kuwa na ce a yi aure.

Ranar Alhamis ce, amma ban jira Juma'a ba, na shigo mota zuwa Gwandu. Babanku na fadama wurin irin albasarsa, can na same shi da la'asar da ƙullin tuwon da Hajja ta ba ni in kai masa. Na zauna a kan kunyar albasa na ba shi labari. Na ce mai yiwuwa ne Buba ya fito fari da fari, in na tayar da magana na ɓata biki a banza, na tozarta tsohuwa, na rufe wa kaina rugar da ta fara karɓata, sauran rugage kuma da ita suke kallo. Ya buɗe tuwon ya turo mini, na ce na ƙoshi.

"In kinka yi shiru," ya ce, "wa za shi sani?"

"Ba kowa."

"To mi ya hana ki cin tuwo?"

Na tura masa tuwon gabansa. Ya wanke hannu a ruwan rijiyar fadama, ya ce in da an sami wadda za ta faɗa mana tun kafin a ɗaura namu, bai san abin da zai zaɓa ba, amma da ya so a ce an tambaye shi.

Asabar da safe na koma. Wurin Goggo Nenne na fara zuwa, ita kaɗai, tana kaɗa nono a bayan bukkarta. Na durƙusa na faɗa mata kuskuren da na yi da abin da nake so in gyara. Ba ta daina kaɗawa ba.

"Ni na goye shi," ta ce. "Ni na tauna mai abinci. Da ƙyanda ta kama shi, ga ƙirjina ya kwana."

"Ba mai cire miki shi, Goggo. Ɗanki ne duniya da lahira. Jini kawai nake tambaya."

"Jini kawai," ta ce, ta ɗago ta dube ni. Ba ta ƙara ce mini komai ba, ranar da kuma shekaru bayanta.

Ardo ya saurare ni a tsaye, sandarsa a kafaɗa. Ya ce ni na faɗa a gaban maza cewa ba komai, a kan maganata suka kai goro, suka aika wa dangi har Maruda. Na ce haka ne, laifin nawa ne ni kaɗai, ban yi tambaya yadda ya kamata ba, kuma a gaban mazan nan zan maimaita haka in ya yarda. Ya tara su, na maimaita. Ardo ya ce shi ba zai sa Buba ba, ba zai hana shi ba. Buba na tsugune a gefe yana zane a ƙasa da tsinke. Ya tashi ya zo ya miƙo mini yatsa. Muka jira abin gwajin ya nuna. AS.

Mahaifin Dije ya so in faɗa masa shi ya je ya faɗa mata. Na ce ya yi haƙuri, jininta ne, kuma ita za ta ɗauki cikin, da kunnenta ya kamata ta ji. Ya yi ta gunaguni amma ya bari. Na zauna da ita a inuwar wata bishiyar ƙirya, na ba ta takardar ajamin, ta bi ta da yatsa tana haɗa baƙaƙe a hankali kamar mai tilawa. Na faɗa mata duka ɓangarorin. In sun yi aure, kowane ciki yana iya zuwa da ja da ja, yana iya zuwa lafiya, ba mai sanin wanne sai Allah. In mai ciwon ya zo akwai abin yi, a gwada shi tun yana jariri, a kiyaye shi daga sauro da sanyi da ƙishirwa, a riƙa karɓar magani, kuma ni ba zan bar su ba. Ta ɗauki waken da kanta sau huɗu, duka lafiya, har ta yi dariya. A na biyar ta buɗe hannu, ja da ja, ta daɗe tana kallo.

"Malama, in ke ce, mi za ki yi?"

"An hana ni zaɓa miki," na ce, "kuma ko ba a hana ni ba, ba zan iya ba. Ɗan baffana na aura. Na binne biyu. Ban taɓa nadamar zama da shi ba ko yini guda, kuma ban taɓa daina jin kukan yaran nan ba. Duka biyun gaskiya ne, ɗiyata."

Kwana biyu bayan haka ina tsakar rugar Ardo ina haɗa kayana, Buba na zaune bakin danga, Dudu ta ba mu baya tana wanke ƙore. Ba wanda ya yi mata magana. Ita ta fara.

"Malama, ki ce ma wancan ni ban hana shi ba." Ta ɗauraye ƙwarya ta kife. "Ki ce mai dai, in ciwon ya tashi shi yana daji da shanu. Ɗiyar mutane ce za ta riƙe ƙahwar."

Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku biyar ba, ya ji komai. Duk da haka na juya na maimaita masa kalma da kalma, domin haka ta roƙa. Ya sunkuyar da kai.

"Ki ce mata na ji," ya ce.

Na juya na ce mata ya ji. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da wankinta, ruwa na zuba daga haɓarta zuwa cikin ƙwaryar.

Abin da Buba da Dije suka ce wa juna ban sani ba, ban kuma tambaya ba. A bakin mashayar shanu suka yi maganarsu, su biyu suka je wurin Ardo suka ce a mayar da goro. To kun ji yadda auren ya rabu. Ba ni na raba shi ba, amma ni na sa aka kai shi bakin biki kafin ya rabu, wannan kuwa nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Da na yi tambaya daidai tun farko, da an yi maganar a ɓoye kafin goro, da Goggo Nenne ba ta ji abin da ta ji ba. Ardo ya aiko mini cewa in dakata da zuwa, na yi rani guda da damina guda ban taka rugar ba. Wasu rugagen suka ce ga mai wake nan mai raba aure, suka ɓoye 'yan matansu in na doso. Labarin ya riga ni isowa Gwandu, shi ne kuka ji a makaranta, Rabi ta dawo tana kuka. Buba ya kora shanu ya yi kudu, bai dawo ba sai bayan an kai Dije ɗakin wani. Daga baya shi ma ya yi aure, kuma kafin a kai goro shi da kansa ya kawo yarinyar Kalgo a bayan babur ya ce in duba. 'Ya'yansu duka lafiya, nasa da nata. Ko da sun auri juna da sun fi jin daɗi, wannan ban sani ba, kuma na daina tambayar kaina.

Ciwon Sa'adu ne ya mayar da ni rugar, Ardo ya aiko da kansa. Sa'adu ya rayu, yanzu har yana da shagon gyaran waya a Kalgo, in na wuce sai ya tsokane ni wai wakena ya tsufa, in sayi sabo. Goggo Nenne kuwa sai da aka shekara shida, ran nan wata mata ta kawo mini man shanu a ƙaramin ƙoƙo an rufe da faifai, ta ce an ce a kawo. Ba ta ce wa ya ce ba, ni ma ban tambaya ba. Na gane saƙar faifan.

Tun daga shekarar na canza yadda nake aiki, kuma shi ne ɗan abin da nake ganin na bari. Ban ƙara tambayar mace 'ya'yanta nawa ba. Sai in tambayi wa ta haifa, wa ta shayar, wa ta riƙa, kowanne dabam, kuma ba a gaban kowa ba. A farkon layin 'ya'yan kowace mace ina zana gurbi guda in bar shi babu suna. In nuna mata in ce, in akwai wani a nan ba sai kin faɗa ba, ɗora yatsa kawai. Mata da yawa sun ɗora, wasu suna kallon gefe. Matasan da na koya wa aikin kafin in yi ritaya, har da masu digirin da ban da shi, duk da wannan gurbin suke zana bishiyarsu yanzu. Na yi shekaru ina shiga inda mota ba ta shiga, na zauna da matan da ba a taɓa tambayarsu ra'ayinsu a kan jininsu ba, na ga ranar da uba ya kawo 'yarsa da kansa ya ce a faɗa mata ita. Alhamdu lillahi, ban ga abin da zan ce Allah bai yi mini ba. Ku ma duk an gwada ku kafin aurenku, kun yi ta mita, ga shi jikokina na guje-guje a tsakar gida suna hana ni rubutu.

Saura abu guda. Na zana bishiyar ɗaruruwan gidaje, ban taɓa zana tamu ba sai jiya. Na sa babanku, Allah ya jiƙansa, na sa kaina, na ja layi, na jera ku har da Amina. Gurbin farko na daɗe ina kallonsa, na ɗora yatsa a kai kamar yadda nake sa mata su yi. Sai na ga ku ba yatsa kuke bukata ba, domin in na tafi ba wanda ya rage da zai faɗa muku. Bakina bai taɓa kiransa ba, kuma ba zai fara yanzu ba, amma ba a yi wa alƙalami tarbiyyar da aka yi mini ba. Zainabu, in kin zo nan wurin juyawa, ki rubuta kawai, kada ki karanta mini. Ku riƙa sa shi a addu'a. Yana son ƙosai mai zafi, kuma ya iya kwaikwayon kukan zabo har Hajja ta fito neman ƙwai. Sunan yayanku Haliru.